Motar Boyi da Ta Ƙi Shan Wuta

Ranar Talata, 8 ga watan Oktoba 2024, na fara ganin Boyi. Ina zaune a biro, wato ofishina a ma'aikatar magajin garin Gure, inda nake rubuta takardun haihuwa da na aure, sai wani dogon mutum ya shigo riƙe da malafa a hannu. Bai zo da sunan jariri ba, bai zo da shaidun aure ba. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan ya ce an gaya masa ina jin Faransanci irin na takarda, shi kuwa yana da wata dabba a waje da ba ta magana sai da wannan yaren.

Na bi shi waje. A inuwar katanga na tarar da wata ƴar farar mota, gajeriya, mai kujeru huɗu, ba ta da bututun hayaƙi. Mota ce mai aiki da lantarki, kuma a sanina ita ce ta farko irinta da ta kwana a Gure. A gaban mazaunin direba akwai gilashi kamar na salula, da rubutu a jiki. Na sa tabarau na karanta masa. Rubutun ya ce: an katse shan wuta.

"Wa ya katse?" in ji shi.

Na sake karantawa. Rubutun bai faɗi ba.

Boyi ɗan makiyaya ne daga wata ruga kusa da Gidigir. Ya bi shanu tun yana ƙarami har furfura ta fito masa a gemu. Fari ya rage garken, rabon gado ya ƙarasa abin da ya saura, sai ya dawo Gure da matarsa Balkisa, ya kama dillancin awaki a kasuwar dabbobi. Balkisa kuwa tana da firijo, tana sayar da ƙanƙara da lamurje. Ita motar, ƙanensa Sufiyanu ne ya aiko masa da ita a bayan kamyo, babbar motar kaya, daga Lome, inda yake harkar motoci. Ya ce kyauta ce ta zumunci. Daga baya, a waya, ya amsa cewa ta daɗe a hannunsa ba wanda ya taya.

Boyi bai damu da wannan ba, don yana da abin da zai yi da ita. Mahaifiyarsa, Inna Aminatu, tana can ruga, ciwon yanar ido ya rufe mata ido biyu, ba ta ganin komai sai haske da duhu. An yi shela cewa lokotoron ido, wato likitan ido, zai zo gidan likita na Gure da mutanensa, su yi mako guda suna cire yana kyauta, su tashi ranar Asabar. Matsalar ita ce Inna ba ta shiga mota. Sau ɗaya aka taɓa kai ta Damagaram, warin isansi, wato fetur, ya sa ta yi amai tun daga Gidigir har tasha, ta rantse gara ta ƙare kwananta a makance da ta sake shaƙarsa. Amalanke kuma bayanta ba zai ɗauka ba. Da Boyi ya aika mata cewa ya samu motar da ba ta shan mai, ta ce a kawo ta ta sunsuna, in gaskiya ne za ta shiga.

Zuwa rugar da dawowa na bukatar batiri cike. Motar kuwa kullum da safe tana nan a ƙasa-ƙasa.

Na tambaye shi wa ya haɗa masa wutar. Ya ce wani Babarbare ne, bawansa a wasan Fulani da Barebari, wai shi Aisami. Na san Aisami, shi ke gyara mana fankar biro. Da na tashi aiki muka tafi gidan Boyi a cikin motar, ba ƙara ba girgiza, har wata akuya da ke kwance a hanya ta ƙi tashi don ba ta yarda wani abu na zuwa ba.

Mun samu Aisami tsugune a tsakar gida, gaban igiyar wutar da ya ja daga kontar, wato mitar wuta, zuwa rumfar da motar ke kwana. Ya yi mini bayani dalla-dalla. Kuran ɗin unguwar, wato wutar lantarki, da rana da farkon dare ba shi da ƙarfi, kowa ya kunna fanka da firijo da talabijin. In aka soka wa motar igiya a lokacin, sai ta ɗanɗana, ta kunna jar fitila, ta yi fushi har sai an zare an sake sokawa. Sai dare ya raba kuran yake cika. Don haka ya shiga cikin gilashin ya sa mata lokaci: a soka igiya da magariba, ta jira, ƙarfe ɗaya na dare ta fara sha da kanta, kafin asuba ta ƙoshi.

"Aikin da na yi ba shi da aibu," in ji Aisami. "Matsalar ita ce an ba Bafillace abin da ba shi da wutsiya."

"Kai dai gyara, bawana," in ji Boyi. "Kakanka ma igiya yake ja mana a rijiya."

Abin da ya ɗaure mana kai shi ne motar tana farawa. Kowace safiya batirin ya ɗan ɗaga kaɗan, kamar an ba ta kurɓi ɗaya an janye ƙwarya. Wannan kurɓin kuma shi Boyi ke ƙonawa da rana yana yawo gari yana tambayar mutane me ya sa ba ta sha.

Muka bi abin ɗaya bayan ɗaya, yadda ya kamata. Da farko na lura agogon motar yana baya da na hannuna da awa guda, don har yanzu lokacin Lome take bi. Muka gyara. Na koma gida da tabbacin an gama. Da safe rubutun yana nan: an katse.

Aisami ya ce to ƙasa ce. Ƙarfen da ya kafa don wuta ta samu hanyar sauka yana cikin busasshen rairayi, rairayin Gure kuwa ba ya riƙe komai. Aka tona rami, aka zuba gawayi da gishiri da kanwa, Boyi ya yi ta jido ruwa yana shayar da ƙarfen safe da yamma kamar dashen dabino. Bai hana ba.

Daga nan zargi ya koma kan firijon Balkisa. Aisami ya ce wataƙila in ya tashi cikin dare yana ƙwace wa motar rabonta. Aka kashe shi dare biyu. Ƙanƙara ta narke, lamurje ya yi tsami, motar ba ta ƙara ko ɗigo ba. Balkisa ta kunna abinta, ta ja kujera ta zauna a gabansa.

"Malam Tahiru," ta ce mini, "kai mai hankali ne. Gaya wa abokanka duk wanda ya sake taɓa firijon nan, shi zai kwana a ciki."

Na gaya musu.

Aka kira Sufiyanu. Ya ce a Lome lafiya lau take sha, wataƙila ruwan wutarmu ne bai karɓe ta ba. Maƙwabta suka kawo nasu ra'ayin. Wani tsohon soja ya ce tsoron duhu take yi, aka bar mata fitila. Wani ya ce sanyin raɓa ne, aka lulluɓe ta da tabarmi. Wani dillali abokin Boyi ya ce duk dabbar da aka kawo daga nesa sai ta yi kwanaki tana ƙin abinci, a yi haƙuri. Wannan maganar ce kaɗai Boyi ya ji ta shiga hankalinsa. Tun daga ranar ya koma kiranta karsana.

Lokotoro ya iso ranar Litinin. Tsofaffi suka cika rumfar gidan likita, ana shiga da su riƙe da sanda, ana fitowa da su da auduga a ido. Boyi ya je ya tsaya ya kalle su, ya dawo bai ci tuwo ba. Inna ta aiko da saƙo ta bakin wani mai moto, wato babur, cewa ta wanke zanenta, tana jira.

Na ce musu mun bincika agogo, mun bincika ƙasa, mun bincika firijo, saura mu ga abin da idonmu. Daren Talata muka shimfiɗa tabarma a tsakar gidan, ni da Aisami, muka kafa butar shayi. Boyi ya zauna da mu har ya fara gyangyaɗi, muka ce ya shiga ya kwanta. Ƙarfe ɗaya daidai motar ta yi wani ɗan ƙas, koriyar fitila ta kama, ta soma ƙyaftawa a hankali. Aisami ya dube ni, ya nuna ƙirjinsa.

Muna cikin kofi na uku sai ƙofar ɗaki ta buɗe. Boyi ya fito da tocila, ya yi mana sannu, ya wuce rumfa. Ya danna makulli, motar ta buɗe. Ya zagaya ta, ya shafa bayanta, ya haska ƙarƙashinta. Sannan ya kama kan igiyar ya zare, ya duba bakinta, ya hure ta, ya mayar, ya jijjiga ya ji ta zauna daram. Ya kulle motar, ya juyo zai koma ɗaki.

Koriyar fitilar ta mutu. Na tashi na leƙa gilashin. An katse shan wuta, kuma a ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: za a fara ƙarfe ɗaya na dare. Wato na gobe. A wurin motar, duk igiyar da aka soka bayan lokacin ya wuce, sabuwar jira ce.

"Boyi," in ji Aisami, muryarsa ƙasa-ƙasa, "me ka yi yanzu?"

"Ban yi komai ba. Na duba igiya."

"Kullum kake dubawa?"

"Wane irin mutum ne zai ɗaure dabba da magariba ya kwana bai duba igiyarta ba? In ta kwance fa? In ta shaƙe ta fa?"

"Mun yi kwana da kwanaki muna tambayarka ko wani na taɓa ta."

"Ba wanda ke taɓa ta. Ai da na gan shi, ina fitowa kullum."

Na bayyana masa abin da ke faruwa sau biyu, na biyun da tsinke a kan rairayi. Ya saurara da kyau. Ya ce ya gane, kuma abin ya ba shi mamaki, don tun da ta fara ƙin sha ya ƙara yawan dubawa, wani daren har sau uku. Aisami ya kwanta rigingine a tabarma ya rufe fuska da hula. Daga cikin ɗaki muka ji muryar Balkisa tana tambaya ko yanzu za a biya ta ƙanƙararta.

Magani a fili yake: Boyi ya kwana bai fito ba. Ya yi alkawari. Don ƙarin tabbaci, daren Laraba na tafi gida da makullin motar a aljihuna, tunda in tana kulle igiyar ba ta zaruwa daga jikinta.

Da safe na zo na tarar da shi zaune bakin rumfa, kansa a sunkuye. Ya ce ya kwanta da niyya mai kyau. Lokacin ya yi, idonsa ya buɗe da kansa, kamar yadda yake buɗewa tun yana yaro a bayan shanu. Ya yi ta juyi. Ya ce wa kansa zai leƙa kawai, ba zai taɓa ba. Ya leƙa, ya ga gefen motar lafiya. Sai ya tuna igiya baki biyu gare ta. Ya je ya duba na bango.

Daren Alhamis muka yi shiri biyu. Aisami ya kawo ragonsa ya ɗaure a ƙofar ɗakin, don in hannun Boyi ya nemi igiya ya samu ta kusa. Ya ce aro ne, kuma ya ƙirga haƙoran ragon a gaban shaidu, don ya san halin Fulani. Balkisa kuma ta ɗaure ƙafar mijinta da ƙafar gado da tsohon zane, da yardarsa.

Da gari ya waye ƙafar tana ɗaure, ragon yana tuƙa, motar ba ta sha ba. Balkisa ta duba zanen ta ce wannan ba ƙullinta ba ne, nata bai kai haka kyau ba. Boyi ya amsa. Ya kwance, ya fita, ya duba igiyar rago ya gyara ta, don Aisami bai iya ɗauri ba, ya wuce ya duba ta karsana tunda ya riga ya fito, ya dawo ya ɗaure ƙafarsa don kada ran Balkisa ya ɓaci.

Ranar Juma'a ce, gobe lokotoro zai yi aikin ƙarshe ya tashi da azahar. Bayan an sauko daga masallaci muka zauna a rumfar, ba mai dariya. Aisami ya kawo shawarar a kai Boyi gidana ya kwana. Balkisa ta ce zai taka da ƙafa ya dawo, ta san shi. Na kawo shawarar mu zauna mu tsare shi, mu uku. Boyi ya girgiza kai.

"Za ku tsare ni yau. Gobe fa? Jibi fa? Ni ba zan iya kwana dabba tana ɗaure a gidana ban duba ta ba. Na gwada, kun gani." Ya dubi motar. "Ita dole ne sai ta fara ita kaɗai? In ba ta son a tashe ta tana cikin sha, ku ce mata ta jira ni. Ni ai ina zuwa."

Aisami ya buɗe baki zai yi masa tsiya, sai ya rufe. Ya ce in an cire mata lokacin gaba ɗaya, duk sa'ar da aka soka igiya za ta fara, kuma in an zare an mayar za ta ci gaba. Abin da ya sa ya sa mata lokaci tun farko shi ne ba wanda zai tashi tsakar dare kullum don ya soka wa mota igiya.

Mu duka muka dubi Boyi.

Aisami ya shiga cikin gilashin, ina karanta masa, ya goge lokacin. Bai ji daɗi ba, don a duk aikin wannan ne abin da ya fi alfahari da shi. Da magariba aka bar igiyar rataye a ƙusa. Ban kwana a gidan ba, amma Balkisa ta ba ni labari. Ya tashi a lokacinsa, ya soka, fitila ta yi kore. Ya sake fitowa sau biyu ya zare ya hure ya mayar, kowane karo ta ci gaba da sha ba ta ce komai ba. Da kiran assalatu batirin ya cika har baki.

Na raka shi Gidigir, don in gilashin ya yi magana a hanya. Bai yi ba. Muka sauka daga gudron, wato kwalta, muka bi burtali har ruga. Aka fito da Inna Aminatu, ƴar ƙaramar tsohuwa, da zanenta wankakke. Ta sa aka kai ta jikin motar. Ta sunsuna gaba, ta sunsuna baya, ta sa kai ciki ta sunsuna kujeru.

"Warin akuya take yi," ta ce.

"Na ɗauko guda biyu shekaranjiya, Inna."

"To, wannan mota ce ta mutane."

Ta shiga. Har muka iso Gure ba ta yi ko tari ba, sai dai ta yi ta tambaya yaushe za a tashi. Mun samu mutanen lokotoro sun fara ɗaure kaya. Aka karɓe ta cikin na ƙarshe, aka yi mata idon dama. Suka ce na hagu sai wani zuwan.

Washegari aka cire audugar a gidan likita. Ta dubi Boyi ta daɗe, ta ce ya tsufa ba da izininta ba. Ta dubi Balkisa ta sa mata albarka. Da aka fito da ita ta ga motar, ta tsaya.

"A cikin wannan kwanon kuka ɗauko ni?"

Aka ce e. Ta ce da ta gani da ba ta shiga ba. Ta zauna mako biyu a Gure tana neman wata hanyar komawa, ba ta samu ba, ta shiga ta rufe idon da hannu.

Boyi ya bar dillancin awaki a farkon shekarar da ta biyo. Yanzu yana jigilar mutane tsakanin Gure da Gidigir, yawancinsu tsofaffin mata da masu ciki waɗanda warin mai ke tayar wa zuciya. Batirin ya ɗan rage ƙarfi, don haka sau ɗaya yake zuwa a yini. Inna Aminatu tana ruga, tana gani da ido ɗaya, an rubuta sunanta cikin waɗanda za a yi wa aiki in lokotoro ya dawo. Boyi yana nan a gidansa na haya, bayan kasuwar dabbobi, da Balkisa da ƴaƴansu.